Bàomíng: Yadda Hausa Ta Taimaka Mini Wajen Gane Wani Aikatau Na Sinanci

Ranar da na je shiga ajin koyon Sinanci na ƙarshen mako, na kwana ina haddar jimla ɗaya tak don in burge malamar da ke karɓar sunaye. Abin da na yi niyyar faɗa shi ne wǒ yào bàomíng, wato "ina son in yi rajista". Da na isa gaban teburinta sai bakina ya juya karin sautin, na ce wǒ yào bǎomìng. Ta dube ni, ta yi murmushi, ta tambaye ni cikin Ingilishi wane ne ya biyo ni. Ashe abin da na faɗa yana nufin "ina son in tsira da raina". Tun daga ranar na ƙulla abota da wannan kalma, kuma ita ce wannan maƙala za ta duba. Abin da nake son nuna wa 'yan'uwana ɗalibai shi ne, wanda ya san nahawun Hausa yana riƙe da mabuɗin wannan aikatau a hannunsa, alhali littattafan da muke karantawa, da yake da Ingilishi aka rubuta su, sai sun yi dogon zagaye kafin su bayyana shi.

Ƙirar kalmar

Ana rubuta kalmar da alamomi biyu: 报名. Ta farko, bào (报), aikatau ce mai ma'anar sanarwa ko kai rahoto. Ita ce ake gani a cikin bàozhǐ (jarida), da bàogào (rahoto), da bàojǐng (kai ƙara wurin 'yan sanda). Ta biyu, míng (名), suna ce, kuma ma'anarta ma "suna". Idan aka haɗa su sai a sami "sanar da suna", ko kuwa yadda Bahaushe zai ce, "ba da suna". A Taiwan da Hong Kong, inda ba a karɓi sauƙaƙan alamomin da gwamnatin Sin ta fara fitarwa a 1956 ba, ana rubuta ta farkon 報, mai zane 12, maimakon mai zane 7 da ake koya mana.

Alamar míng tana da labari mai daɗi. A samanta akwai 夕, wato maraice, a ƙasanta kuma 口, wato baki. Tsohon ƙamus ɗin nan mai suna Shuowen Jiezi, wanda Xu Shen ya haɗa wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya bayyana ta da cewa idan duhu ya yi mutane ba sa ganin juna, don haka sai kowa ya faɗi ko shi wane ne da bakinsa. Duk wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai bayan an ɗauke wuta, aka ce masa "wane ne?", ba zai manta da wannan alama ba.

Furuci

Kafin mu shiga ginin jimla, bari mu ɗan tsaya a kan abin da ya kunyata ni. Sinancin da ake koyarwa yana da karin sauti huɗu: na sama miƙaƙƙe, da mai hawa, da mai nutsewa ya taso, da mai faɗuwa. Gaɓar bào tana ɗauke da na huɗu, míng kuma na biyu. Ni kuwa na ɗora na uku a kan gaɓar farko, na huɗu a kan ta biyu.

Na huɗun ba baƙo ba ne ga ɗalibin Hausa. Shi ne karin faɗau da muke ji a kalmar "yau", ko a "kai" na jiki idan an bambanta shi da "kai" wakilin suna. Hasali ma idan mutum ya faɗi "yau" da ƙarfi, ya musanya baƙin farko, ya kusa isa bào, domin tagwan wasalin ma kusan ɗaya ne. Abin lura kawai shi ne harafin b na rubutun pinyin ba b ɗin Hausa ba ne. Sauti ne da ake yi ba tare da maƙogwaro ya kaɗa ba, kuma ba tare da iska ta fito ba. Idan iska ta biyo shi ya zama p ɗinsu, kalmar kuma ta koma pào, wato igwa.

Matsalar tana ga míng. Hausa ba ta da kari mai hawa a kan gaɓa ɗaya. Masana irin su Paul Newman sun nuna cewa duk inda karin ƙasa da na sama suka haɗu a gaɓa guda, Hausa takan mayar da su karin sama kawai. Shi ya sa na lura abokin karatuna Bahaushe yakan miƙe gaɓar ya ce mīng. A nan harshena na gado, Yarbanci, ya yi mini rana, domin a cikinsa karin sama da ya biyo bayan na ƙasa hawa yake yi, kamar a kalmar ìwé (littafi). Amma shi ma Bahaushe yana da tasa ribar: baƙin n na ƙarshen kalma, kamar a "nan" da "can", a hanɗa ake furta shi, daidai da ng na míng. Wahalarsa sai ya zo faɗin mín (jama'a), inda dole harshe ya taɓa hanƙa.

Aikatau mai ɗauke da karɓau a cikinsa

Yanzu ga inda maganar take. Ƙamus na Ingilishi yakan fassara bàomíng da aikatau guda ɗaya, sai ɗalibi ya ɗauka zai iya ɗora masa karɓau kai tsaye. Haka na yi a aikin gida na farko, na rubuta:

1. *Wǒ bàomíng le Hànyǔ kè.

Nufina "na yi rajistar darasin Sinanci". Malama ta ja jan layi a ƙarƙashinta. Bayanin da ta yi shi ne kalmar tana cikin rukunin da suke kira líhécí, wato kalmomin da ke rabuwa su kuma haɗe. A babban ƙamus ɗinsu na zamani, Xiandai Hanyu Cidian, ana nuna irin waɗannan kalmomi da layi biyu a tsakiya: bào//míng. Na rubuta bayanin a littafina, amma gaskiya bai zauna mini ba sai bayan kwana biyu, ina zaune a darasin ginin jimlar Hausa, ana maganar aikatau "yi".

A Hausa muna cewa "yi barci", "yi wanka", "yi aure", "yi rajista". Kowannensu Ingilishi zai ba shi kalma ɗaya, amma mu mun san kalmomi biyu ne: aikatau "yi" da sunan da ya cike gurbin karɓau. Da yake gurbin ya riga ya cika, ba mai cewa *"ya yi aure ta" ko *"na yi rajista jarrabawa". Kunnen Bahaushe zai ƙi su nan take. Dole a sake hanya, a ce "ya aure ta", ko a kawo mahaɗi a ce "na yi rajistar jarrabawa". To, wannan shi ne ainihin laifin jimla ta (1). Míng ta riga ta zauna a kujerar karɓau, sai na kawo "darasin Sinanci" na ce ya zauna a kan cinyarta.

Kuma ba bàomíng kaɗai ba ce. Shuìjiào (yin barci), xǐzǎo (yin wanka), jiéhūn (yin aure), jiànmiàn (ganawa, a zahiri "ga fuska"), bāngmáng (yin taimako), duk haka suke. Abin mamaki, da yawa daga cikinsu sun faɗa daidai inda Hausa ke amfani da "yi". Basine ba zai ce *jiéhūn tā ba, kamar yadda Bahaushe ba zai ce *"yi aure ta" ba. Sai dai ya ce gēn tā jiéhūn, "da ita yi aure".

Hanyoyin da Sinanci ke bi ya kauce wa wannan cunkoso guda biyu ne suka fi yawa. Ta farko, a kawo wani aikatau na biyu ya ɗauki karɓan, galibi cānjiā (shiga, halarta):

2. Wǒ bàomíng cānjiā bǐsài. (Na ba da suna in shiga gasa.)

Ta biyu, a tashi míng daga kujerar gaba ɗaya, a bar bào ita kaɗai:

3. Wǒ bào le yí ge Hànyǔ bān. (Na yi rajistar wani ajin Sinanci.)

Ya kamata in faɗi gaskiya a nan: a kanun labarai da tallace-tallace da hirar intanet, ana cin karo da bàomíng ɗauke da karɓau kai tsaye, kuma Sinawa da kansu ne ke rubutawa. Harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya. Amma mai gyaran takardar jarrabawa ba ruwansa da wannan, kuma a ganina ɗalibi ya fara ƙwarewa a kan ƙa'ida kafin ya nemi 'yancin karya ta.

Abin da ke shiga tsakani

Tunda kalmomi biyu ne, ana iya buɗe tsakaninsu a saka wani abu. Wannan shi ne abin da ya fi ruɗa masu tunani da Ingilishi, mu kuwa kullum muna yin sa ba tare da mun lura ba: "na yi dogon barci", "ya yi mata rajista", "ku ba da naku sunan". Dubi waɗannan:

4. Wǒ bào le míng. (Na ba da suna.)
5. Wǒ bào guo míng. (Na taɓa ba da suna.)
6. Wǒ bào guo liǎng cì míng. (Na taɓa ba da suna sau biyu.)
7. Nǐ qù bào ge míng ba. (Je ka ɗan ba da suna mana.)

Ƙananan kalmomin le da guo suna manne wa aikatau ne, kuma aikatau na gaskiya a nan bào ce. Shi ya sa *bàomíng guo ke yi wa malamai ƙaiƙayi a kunne. Guo kuwa ban sami abin da ya fassara ta da kyau kamar "taɓa" ta Hausa ba. Haka ma ge ta jimla ta (7): asalinta kalmar ƙirga ce, amma a nan aikinta sassauta umarni, kamar yadda "ɗan" ke yi a "ɗan jira ni". Ba ƙanƙantar jiran ake nufi ba, ladabi ne.

Akwai kuma wǒ bàomíng le, da le a ƙarshen jimla, kuma daidai ce. Wannan wata le ce dabam, mai nuna cewa hali ya sauya: da ban yi ba, yanzu na yi. Wani abin da ya kamata a kiyaye shi ne le ba alamar shuɗaɗɗen lokaci ba ce tsantsa. Ana iya cewa bào le míng zài huí jiā, "idan ka ba da suna sannan ka koma gida", alhali ba a riga an yi komai ba. A nan ma Hausa ta riga ta share mana hanya, domin a "idan kun gama ku tafi", lamirin "kun" na kammalallen aiki ne, amma maganar ta gaba ce.

Jimlar da na fi so ita ce wannan:

8. Wǒ méi bào shàng míng.

Shàng asalinta "hawa" ko "sama", amma idan ta biyo aikatau takan nuna an cim ma abin da ake nema. Saboda haka wǒ méi bàomíng na nufin "ban yi rajista ba", ƙila ma ban nema ba. Jimla ta (8) kuwa tana nufin na nema, na yi layi, ko na kwana a gaban kwamfuta, amma abin bai yiwu ba: "ban samu yin rajista ba". Gaɓa ɗaya ce ta raba malalaci da wanda gurbi ya ƙare a gabansa. Idan kuma aka ce bào bu shàng míng, ma'anar ta zama "rajistar ba ta yiwuwa". Duk wanda ya taɓa fama da shafin rajistar kwasa-kwasai a makon ƙarshe ya san wannan hali ko da bai san sunansa da Sinanci ba.

Har ila yau ana iya ɗauko míng a kai ta farkon jimla don a ƙarfafa ta: míng wǒ yǐjīng bào le, daidai da "suna kam, na riga na bayar". A wajen tambaya kuma gaɓar farko ake maimaitawa: nǐ bào bu bàomíng? "Za ka ba da suna ko ba za ka bayar ba?"

Da na kai wannan magana gida sai na ga ashe Yarbanci ma haka yake. Kalmar da muke amfani da ita, forúkọ sílẹ̀, daga fi orúkọ sílẹ̀ take, wato "ajiye suna ƙasa". Wata abokiyar karatuna 'yar ƙabilar Ibo ta ce su kuma debanye aha suke cewa, "shigar da suna". Harsuna huɗu ke nan, kowanne ya ɗauki aikatau ya haɗa da "suna". Ingilishin da muka mayar gada tsakaninmu da Sinanci shi ne bare a cikin taron.

Inda Hausa za ta ɓatar da kai

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya yi daidai. Akwai wurare da bin sawun Hausa zai jefa mutum rami. Bahaushe yakan ce "na ba da sunana", da mallaka. A jimla ta (4) ba a bukatar "nawa", an riga an san sunan mai magana ne. Sannan idan wani aka yi wa, Hausa takan saka "wa" ko "mini" bayan aikatau: "Mama ta yi mini rajista". Sinanci gaban aikatau yake kai shi: māma gěi wǒ bào le míng, kalma bayan kalma "Mama ba ni sanar suna".

Babban bambancin shi ne jerin kalmomi a yankin suna. Hausa takan fara da kai, bayani ya biyo: kuɗin rajista, takardar rajista. Sinanci bayani yake farawa da shi: bàomíng fèi (kuɗin rajista), bàomíng biǎo (fom ɗin rajista), bàomíng chù (wurin rajista). Wanda ya fi muhimmanci a gane a jikin allon sanarwa shi ne 报名截止, bàomíng jiézhǐ, wato rufe rajista. Kwanan watan da ke biye da shi ma daga babba yake farawa: shekara, wata, sannan rana.

"Rajista" ɗaya, kalmomi da yawa

A Nijeriya kalmar "rajista" jaka ce da muke zuba komai a ciki: ta jarrabawa, ta zaɓe, ta layin waya, ta sabon zangon karatu. Sinanci ya rarraba su, kuma a nan kuskure yana iya wuce asarar maki.

Bàomíng nuna niyya ce kawai. Ka miƙa sunanka don a sa ka cikin masu neman shiga wani abu: jarrabawa, gasa, aji, yawon buɗe ido, aikin sa kai, aikin soja. Ba ta nufin an ɗauke ka. Misali mafi girma shi ne gāokǎo, jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar Sin, wadda ake farawa ranar 7 ga watan Yuni. Adadin da ma'aikatar ilminsu ke sanarwa kowace shekara na waɗanda suka yi bàomíng ne: miliyan 12.91 a 2023, miliyan 13.42 a 2024, miliyan 13.35 a 2025. A 1977, shekarar da aka dawo da jarrabawar bayan an dakatar da ita tsawon shekarun juyin al'adu, mutum kusan miliyan 5.7 ne suka zauna, aka ɗauki kimanin 270,000. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce tazarar da ke tsakanin bàomíng da lùqǔ, wato a ɗauke ka. Mu da muka bi ta JAMB ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Bayan an ɗauki ɗalibi, ranar da ya iso makaranta da akwatinsa ya nuna kansa, wannan bàodào (报到) ce, "sanar da isowa". A ƙa'idar jami'o'in Sin, sabon ɗalibin da bai yi bàodào a kan lokaci ba, kuma bai nemi izini ba, ana ɗaukarsa ya bar gurbinsa ne, sai fa in akwai uzuri mai ƙarfi. Saboda haka wanda ya sami takardar gurbin karatu ya ga wannan kalma da kwanan wata a gefenta, kada ya ce ai ya riga ya yi rajista tun a gida. Akwai wata bàodào (报道) mai furuci iri ɗaya sak, ita kuwa rahoton 'yan jarida take nufi, rubutu ne kaɗai ke raba su. Daga nan sai zhùcè (注册), shigar da suna cikin kundin hukuma. Ita ce rajistar kowane zangon karatu, da ta kamfani, kuma ita ce ke rubuce a kan maɓallin buɗe sabon asusu a shafukan intanet.

Dēngjì (登记) ta rubuta bayanai ce a littafin wani ofis, kamar ta aure ko ta masauki. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou da Yiwu sun san ta, domin dokar shige da fice ta Sin da ta fara aiki a 2013 ta wajabta wa baƙon da ya sauka a gidan wani, ba otal ba, ya yi rajistar masaukinsa wurin 'yan sanda cikin awa 24. A asibiti kuwa guàhào (挂号) ake yi, a zahiri "rataya lamba", abin da mu muke kira yankan kati. Wanda ya je asibiti ya ce yana son bàomíng, kamar ya ce ya zo shiga gasar rashin lafiya ne.

A tsarin jarrabawar ƙwarewa a Sinanci, HSK, mai matakai shida da aka fito da shi a 2010, bàomíng tana cikin kalmomi 1,200 na mataki na huɗu. Na daɗe ina ganin wannan abin dariya ne, domin ɗalibin da zai zauna mataki na ɗaya ma sai ya nemo alamomin nan biyu ya latsa su kafin a ba shi kujera. A Nijeriya ana koyar da Sinanci a cibiyoyin Confucius na Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da na Jami'ar Legas. Ni dai nawa sunan na mataki na uku yana hannun malama tun makon jiya, kuma wannan karon da na faɗi jimlar ba ta tambaye ni wanda ya biyo ni ba, fom kawai ta miƙo mini.